Al'adata sai bayan wata uku, sikanin ya nuna PCOS, na sha Clomid wata biyar shiru

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekaruna 27, shekara uku da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari, sai in yi wata biyu ko uku ban gani ba, wani lokaci har huɗu. Gashi yana fito min a haɓa, ga ƙiba: nauyina kilo 84, tsawona mita 1.6. Bara na yi sikanin aka ce ƙwaina duk ƙuraje ne masu ruwa, aka rubuta PCOS. Wata ƙawata ta ce Clomid ta sha ta samu ciki, ni ma na saya a kemis, ina shan ƙwaya ɗaya kullum har kwana biyar a farkon kowane wata, ko jini ya zo ko bai zo ba. Yau wata biyar ke nan shiru. Yanzu dangin miji sun ce a kai ni a yi min wankin mahaifa. Maigidana bai yi gwaji ba, ya ce ai yana da ɗa da matarsa ta farko. Shin ƙwaina ne ya lalace? Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙwanki bai lalace ba, bai kuma ƙare ba. Abin da kika bayyana ya fi kama da ƙwan da yake nan jibge amma ba ya nuna har ya fito, kuma a cikin dalilan jinkirin haihuwa wannan yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Abu biyu dai za ki fara yi tun yau: ki ajiye Clomid ɗin nan, wato ƙwayar da ake sha don fitar da ƙwai, kuma kada ki yarda a yi miki wankin mahaifa.

Mace tana zuwa duniya da ƙwanta gaba ɗaya, tsakanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga ya ragu zuwa kamar 300,000 ko 400,000, kuma wanda za ta saki a tsawon rayuwarta bai wuce 400 zuwa 500 ba. Kowane ƙwai yana cikin 'yar jakarsa mai ruwa. A kowane wata jakunkuna da dama ne suke fara girma tare a ma'ajiyar ƙwai, sai guda ɗaya ta tsere wa sauran, ta kai faɗin milimita 18 zuwa 22, ta fashe ta saki ƙwan. Bayan kamar kwana 14, in ciki bai shiga ba, sai al'ada ta zo. Sakin ƙwan ne yake kiran al'ada a kan lokacinta. Shi ya sa idan mace ta ce al'adarta tana wuce kwana 35, ko ba ta ganin ta sau 8 a shekara, likitan mata ya riga ya zargi cewa ƙwai ba ya fita a yawancin watanni tun kafin ya rubuta wani gwaji.

A PCOS, wato lalurar da aka rubuta miki mai hana ƙwai fita a kan lokaci, jakunkunan suna fara girma, sai su tsaya a milimita 2 zuwa 9, babu wadda ta wuce gaba. Kamar ramin gero ne da aka zuba wa iri da yawa ba a rage ba: duk sun tsiro, amma babu wanda ya samu wurin da zai yi kai. Su ne ɗigo-ɗigon baƙaƙen da mai sikanin ya nuna miki jere a gefen ma'ajiyar ƙwai. Ba ƙuraje ba ne, ba ƙari ba ne, babu abin da za a tsage ko a zuƙe. A cikin kowane ɗigo akwai ƙwai da bai kai ba.

Abin da yake tsayar da su yawanci daga jini yake farawa. Jikin da yawa daga masu PCOS ba ya jin sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata, don haka sai ya riƙa fitar da shi fiye da ƙima. Insulin mai yawa yana zaburar da ma'ajiyar ƙwai ta ƙara samar da testosteron, wato sinadarin maza wanda kowace mace take da kaɗan daga cikinsa, kuma yana sa hanta ta rage abin da take ɗaure shi da shi a cikin jini. Daga nan gashin haɓa yake, da ƙurajen fuska, da zubewar gashin tsakiyar kai ga wasu, da tsayuwar ƙwan. Ki ɗauki madubi ki duba bayan wuyanki, da hammata, da matse-matsin cinya. In kin ga fatar ta yi duhu, ta yi kauri da laushi, kina dirza da soso ba ta fita, ba dauɗa ba ce, alamar yawan insulin ce, kuma ya kamata ki nuna wa likita.

Tun a 1935 wasu likitoci biyu a Chikago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka rubuta bayanin mata 7 masu wannan lalura, amma sai a 2003, a wani taro da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan, masana suka tsayar da ma'aunin da ake aiki da shi har yau. Ana duba abu uku: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a jini, da kamannin ma'ajiyar ƙwai a sikanin. Sai mace ta cika biyu daga ciki ake cewa tana da PCOS. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai 'yan mata da yawa masu cikakkiyar lafiya da sikanin zai nuna musu ɗigo-ɗigon nan, a rubuta musu PCOS a takarda, su tafi gida da kuka alhali babu abin da yake damunsu. Ƙa'idar duniya da aka fitar a 2018 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Monash ta Ostireliya, aka kuma sabunta a 2023, ta ƙara tsaurara ma'aunin: da na'urorin zamani sai an ƙirga jakunkuna 20 ko fiye a gefe ɗaya, ba 12 ba kamar da. Ke kam kin cika biyu ko ba sikanin, da al'adar da gashin. Kuma ba ke kaɗai ba ce, kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita.

Duk da haka ba a rufe magana sai an kore cututtukan da suke yin shigar burtu da kamanninta. Likita zai nemi gwajin ciki da farko, sannan TSH don duba tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da yake kumbura ya zama maƙoƙo, da furolaktin, sinadarin da yake kawo ruwan nono, wanda in ya yi yawa yana ɗauke al'ada, da FSH, sinadarin da yake sa jakar ƙwai ta girma, da 17-OHP, na duba wata cutar gado mai ƙara sinadarin maza, wanda ake ɗiba da safe. Kowanne daga cikinsu maganinsa daban, kuma babu wanda Clomid take gyarawa. Akwai kuma tambayar da mata suke jin nauyin amsawa: ko kin taɓa shan maganin ƙiba irin sha-ka-fashe, ko kina shafa man bilicin? Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, kuma shi kaɗai yana iya kawo ƙiba, gashi, hawan suga da rikicewar al'ada. In akwai, ki tafi da kwalin asibiti. Wadda ta daɗe tana shan irin ƙwayar nan kada ta yanke ta dare ɗaya, a hankali likita yake janye ta.

Yanzu ga Clomid. Magani ne na gaske, ya fi shekara hamsin ana amfani da shi, kuma ƙawarki ba ƙarya ta yi ba. Yadda kika sha shi ne ba ya aiki. Ana fara shi ne a rana ta 2 zuwa ta 5 da zuwan jini, ba a farkon watan kalanda ba, kuma sai an tabbatar babu ciki. Ke da al'adarki take ɓacewa wata uku, kina iya sha a kan ƙaramin ciki ba ki sani ba. Sannan a wata biyar ɗin nan babu wanda ya duba ko ƙwan ya fita. Akwai mata masu PCOS, musamman masu jiki, da miligiram 50 ba ya motsa musu komai, sai an kai 100 ko 150, wasu ma ko hakan ba ya yi. Wasu kuma yana fitar musu da ƙwan amma ya sirantar da shimfiɗar mahaifar da cikin zai kwanta a kai, ya busar da yauƙin bakin mahaifa da maniyyi yake bi. Ba a son a wuce zagaye 6 da shi, kin kuwa cinye biyar a duhu. In kin taɓa ganin walƙiya ko hazo-hazo a idonki lokacin da kike sha, ki gaya wa likita, domin wadda ta ga haka ba a sake ba ta shi.

Wankin mahaifa kuwa ba shi da wata alaƙa da matsalarki. Aiki ne da ake yi don kwashe ragowar ɓari ko ɗibar nama a gwada. Mahaifa ba ta tara dattin da yake hana ciki, kuma abin da yake damunki a ma'ajiyar ƙwai yake, inda ƙarfen wankin ba ya kaiwa. Abin da zai iya bar miki shi ne tabo: bangon mahaifa ya manne da juna, al'ada ta koma ɗigo ko ta ɗauke ɗungurungum, ko ƙwayar cuta ta hau ta toshe bututun ƙwai. Sai a shiga da matsala mai jin ƙwaya a fito da wadda sai tiyata. Ki faɗa wa dangin maigida cikin ladabi cewa likitan mata ne zai yanke wannan hukunci, in da hali ma maigidan ne ya kamata ya faɗa musu, ba ke ba.

Shi ma maigida akwai nasa aikin. Ɗan da ya haifa shaida ce ta lokacin da aka samu cikinsa, ba ta yau ba. Ciwon sanyi, zazzaɓi mai zafi, ciwon suga, kumburin jijiyoyin maraina, taba, tiramol, da allurar testosteron da wasu suke yi don ƙarfin maza duk suna iya rage ƙwayoyin maniyyi bayan mutum ya taɓa haihuwa. Kuma a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri, a kusan rabi akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajinsa ya fi kowanne sauƙi da araha, ba allura ba zafi. Zai ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, ya zuba maniyyin duka a robar da ɗakin gwaji suka ba shi, ba a kororon roba ba domin maganin jikinsa yana kashe ƙwayoyin. In a gida ya ɗiba, ya sa robar a aljihun da yake jikinsa don kada ta yi sanyi ko rana ta buge ta, ya kai kafin awa ɗaya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ana son ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyin su kai miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari suna motsi, kashi 30 suna tafiya gaba, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. In sakamako ya zo ƙasa ba a yanke hukunci da shi, ana maimaitawa bayan wata uku, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, hankalinsa kwance, ki ce masa likita ba zai fara ba ki magani ba sai ya ga takardun mutum biyu. Gaskiya ce, kuma ta fi sauƙin haɗiya a kan a ce ana zarginsa.

Bututun ƙwai ma sai an san halinsa. Hoton da ake kira HSG shi ne ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce ta ɓangarorin biyu. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke, wajen rana ta 7 zuwa ta 10, yana da murɗar mara ta ɗan lokaci, don haka a sha maganin ciwo awa ɗaya kafin a shiga. Wasu likitocin suna jinkirta shi sai an yi zagaye uku na magani. Amma da yake kin shekara uku, kuma toshewar bututu sanadiyyar ciwon sanyi ta yi yawa a ƙasashenmu, mu mun fi ganin a yi shi tun farko, balle in kin taɓa fama da ciwon mara da fitar ruwa mai wari, ko an taɓa yi miki tiyata a ciki.

Sai nauyi. Kilo 84 a tsawon mita 1.6 ya ba da BMI, wato ma'aunin nauyi daidai da tsawo, kusan 33, kuma daga 30 ake kiran sa ƙiba. Ba a ce ki koma siririya ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 a wurinki, yana dawo wa mata da yawa da al'ada, wasu har ciki ya shiga ba magani, kuma yana sa maganin ya fi kamawa. Binciken da aka tattara bai nuna akwai wani tsarin abinci guda da ya fi sauran ba, wanda za ki iya ɗorewa a kai shi ne naki. Wurin da ya fi saurin biya shi ne abin sha. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da suga cokalin shayi goma ko fiye, kuma zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya da shayi mai madarar gwangwani ba su fi ta sauƙi ba in an cika musu suga. Ki sha su ba suga ko ki bar su. A faranti kuma rabi ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa. Kwata ya zama wake, ƙwai, kifi, awara ko nama. Kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya madaidaiciya. Fanke, cincin, burodi da taliyar leda su zama na marmari. Motsa jiki minti 150 a mako shi ne mafi ƙaranci, wato tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar, irin wadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Wadda ba ta fita tana iya yi a tsakar gida, zagaye ko tsallen igiya. Aikin gida shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ki ba wannan wata uku, a cikinsu ne kuma za a gama gwaje-gwajen, don haka ba zaman jira ba ne. Shayin rage ƙiba na kasuwa yawanci gudawa kawai yake sawa. Sabbin alluran rage ƙiba irin semagulutayid suna aiki, amma ba a ɗaukar ciki a kansu, sai an daina da wata biyu.

Gwajin suga wajibi ne a gare ki kafin ciki, kuma wanda ya fi kama matsala a masu PCOS shi ne na shan ruwan gulukos giram 75: a ɗibi jini kina azumin dare, ki sha, a sake ɗiba bayan awa biyu. Na farko in ya kai 126, ko na biyu ya kai 200 a ma'aunin miligiram, ciwon suga ne. Na biyun in ya faɗa tsakanin 140 da 199 an kusa. A auna hawan jini ma. Nan ne metfomin, maganin ciwon suga, yake shigowa. Ana fara shi da miligiram 500 sau ɗaya a rana tare da abinci, a ƙara a hankali mako-mako zuwa 1,500 ko 2,000, domin wadda ta fara da yawa tashin zuciya da gudawa za su sa ta jefar da shi a kwana uku. Yana taimakon insulin da nauyi, amma kada a sayar miki da shi a matsayin maganin haihuwa. A babban binciken da aka buga a Amurka a 2007 kan mata 626, masu shan metfomin kaɗai kashi 7 cikin ɗari ne suka haihu, masu Clomid kashi 22 da rabi, masu haɗa biyun kusan kashi 27.

Ki fara shan folik asid tun yanzu, ba sai ciki ya shiga ba, domin lakar bayan jariri tana rufewa ne a makonni huɗu na farko, kafin mace ta san tana da shi. Abin da ake ba kowa maikurogiram 400 ne a rana, amma mai ƙiba irin taki, ko mai suga, ko mai sikila, likitoci da yawa suna ba ta miligiram 5.

Akwai wani abu da ya shafi lafiyarki ko da ba maganar haihuwa. Idan ƙwai bai fita ba, shimfiɗar mahaifa tana ta kauri ba ta zuba, shi ya sa in jinin ya tashi zuwa yake zuwa da gudaji ya daɗe. Barin ta haka shekara da shekaru yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Ƙa'ida ita ce kada a wuce kwana 90 ba jini. In an kai, sai a yi gwajin ciki, likita ya ba da ƙwayar furojestin, misali miligiram 10 na Provera kullum har kwana 10, jini ya zo cikin mako guda ko biyu da gamawa. Primolut N da mata suka sani ma wannan aikin take yi. Sai dai jinin da ƙwaya ta kawo ba shaidar fitar ƙwai ba ne. Mata da yawa suna ganin sa su ce an warke, su zauna jiran ciki.

Idan takardun maigida sun yi kyau, bututu a buɗe, to maganin da ake farawa da shi yanzu ga masu PCOS ba Clomid ba ne, letirozol ne. Likitoci biyu a Toronto ta Kanada, Mitwally da Casper, su suka fara ba da rahoton amfani da shi don fitar da ƙwai a 2001. A 2014 aka buga binciken da ya sauya aiki: mata 750 masu PCOS a Amurka, aka raba su biyu, kowace ta yi har zagaye biyar. Masu letirozol kashi 27.5 cikin ɗari suka haihu, masu Clomid kashi 19.1, kuma tazarar ta fi fitowa a mata masu ƙiba. Ki lura da adadin da kyau: ko da maganin da ya fi, ba kowa ce ta haihu a wata biyar ba, kuma matan binciken da yawa sun fi ki nauyi. In kin buɗe kwalin za ki ga takardar ciki ta ce maganin sankarar mama ne. Haka ne, don ita aka fara yin sa, kada gabanki ya faɗi. Kwana biyar kawai ake sha, yana fita daga jiki kafin ciki ya zauna, kuma binciken da aka yi bai nuna yana ƙara naƙasa ga jarirai fiye da Clomid ba.

Ga yadda zagaye ɗaya yake tafiya a hannun likita. Gwajin ciki, sannan a kawo jini da furojestin in bai zo da kansa ba. Ranar da jan jini ya zuba sosai ita ce rana ta 1, ba ranar ɗigon farko ba. Daga rana ta 3 zuwa ta 7 ki sha miligiram 2.5 kullum. Wajen rana ta 10 zuwa ta 12 a yi sikanin, wanda ake yi ta gaba ya fi na kan mara gani nesa ba kusa ba, musamman ga mai jiki. Ana neman jaka ɗaya ko biyu da suke girma zuwa milimita 18, da shimfiɗar mahaifa da ta kai kamar milimita 7. In an ga jakunkuna uku ko fiye sun nuna tare, likita zai ce a ƙaurace a wannan watan. Ki ji maganarsa. Tagwaye abin sha'awa ne a wurin suna, amma cikin 'yan uku ko huɗu shi ne bakwaini, hawan jini, jijjiga da zubar jini. Saduwa kuwa rana ɗaya a tsallake ɗaya daga rana ta 10 zuwa ta 20 ta wadatar. Maniyyi yana rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa awa 12 zuwa 24 kawai, don haka gara ƙwan ya fito ya tarar da shi yana jira. Tara maniyyi na mako biyu don ya yi ƙarfi kuskure ne, tsofaffin ƙwayoyi ba sa gudu. A bar matsi da cushe-cushen kayan mata a wannan lokaci, haka man shafawa na gida wurin saduwa. Kwana 7 bayan lokacin da ake zaton ƙwan ya fita, wajen rana ta 21 zuwa ta 23, a auna furojestaron, sinadarin da yake ƙaruwa bayan fitar ƙwai, a jini, shi ne zai tabbatar. In bai fita ba, wata mai zuwa a ɗaga zuwa miligiram 5, sannan 7.5. Tsinken gwajin fitsari na gane ranar ƙwai yana yaudarar masu PCOS, domin sinadarin LH da yake aunawa dama a sama yake a jikinsu, sai ya yi ta nuna layi biyu ba ƙwai.

Idan ƙwai yana fita wata shida ciki bai shiga ba, ko 7.5 ɗin ma bai motsa shi ba, ba a ci gaba da maimaita abu ɗaya. Mataki na gaba allurar gonadotirofin ce, mai zaburar da ma'ajiyar ƙwai kai tsaye, a ƙaramin awo, da sikanin a kai a kai, ko tiyatar madubi da ake ɗan huda ma'ajiyar ƙwai a wurare kaɗan. Bayan su sai dashen IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, wanda masu PCOS suke ba da ƙwai mai yawa a cikinsa, shi ne kuma haɗarinsu, domin ma'ajiyar tana iya kumbura fiye da kima. Allurar nan ba ta kemis ba ce ko kaɗan. Duk wannan aikin sashen mata na asibitocin koyarwa ne, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko ƙwararren likitan mata mai zaman kansa. A shekara 27 lokaci yana gefenki. Da kin haura 35 da ba mu ce ki ba rage nauyi wata uku kafin magani ba.

Za a yi miki tallar abubuwa da yawa. Gwajin AMH, na kimanta yawan ƙwan da ya rage, yana da tsada, a masu PCOS yana fitowa sama, kuma ke da kika riga kika cika ma'auni ba ki buƙatarsa yanzu. Inositol, wani ƙarin abinci da ake tallata wa masu PCOS, ba shi da wata babbar illa sananniya, amma ƙa'idar 2023 ta ce hujjar amfaninsa wajen haihuwa ba ta da ƙarfi, don haka kada ya cinye kuɗin sikanin. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake ciki ba suna iya taɓa hanta da ƙoda. Gashin haɓa kuwa a yanzu aski, tsiga ko halawa ne kawai, kuma aski ba ya ƙara masa kauri. Ƙwayoyin da suke rage shi, irin sifironolakton da na tazarar haihuwa, ba a sha lokacin neman ciki.

Ki tafi asibiti a ranar, ba jiran layin asibitin mata ba, idan jini yana jiƙa audugar mata duk awa, ko bayan shan maganin ƙwai ciki ya kumbura da ciwo, amai, ƙarancin fitsari ko sarƙewar numfashi, ko gwaji ya nuna ciki sannan gefe ɗaya na mara ya riƙe da ciwo mai tsanani. Ki kuma gaya wa likita in muryarki ta fara kauri, ko gashin ya ƙaru sosai cikin 'yan watanni, ko nono yana fitar da ruwa tare da ciwon kai. Ranar da gwaji ya nuna ciki, a yi sikanin a mako na 6 zuwa na 7 a ga inda ya zauna da ko nawa ne, a fara awo da wuri, a maimaita gwajin suga a mako na 24 zuwa na 28.

Ranar ganin likita ki tafi da takardar sikanin ta bara, da kwalayen Clomid da duk wani abu da kike sha ko shafawa, da ranakun da kika ga jini a shekarar nan gwargwadon abin da kika tuna, a rubuce. In maigida ya yi nasa gwajin kafin ranar, kun rage wa kanku zuwa ɗaya. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba.